Jar Fitilar da Ke Kamawa In Babur Ya Tsaya

A wani ƙauye mai nisa da asibiti, an yi wani mutum mai suna Tanimu. Shi kaɗai ke da babur, don haka shi ke kai marasa lafiya gari.

Wata rana ya lura da wani abu. In ya tsaya, inji na kaɗawa a hankali, sai wata jar fitila ta kama. In ya murɗa totur, sai ta mutu. Ya tsaya, ta kama. Ya murɗa, ta mutu.

Maƙwabcinsa Ɗanjuma ya ce, "Manna mata leda ka huta. Ai babur na tafiya."

Tanimu ya ce, "Yana tafiya kam. Amma me ya sa sai ya tsaya take kamawa?"

Ya duba baƙin mai, ya ga yana nan cike. Tambayar ta hana shi sukuni, sai ya tura babur har wurin wani tsohon bakanike.

"Baba, me fitilar nan take nufi?"

Tsohon ya kwance ƙasan inji, ya ciro wata 'yar rariya da datti ya toshe. Ya ce, "Ɗana, ta nan famfo ke jan mai. In inji na gudu, yana ja da ƙarfi. In ya lafa, mai ba ya kaiwa sama, ƙarfe na cin ƙarfe. Da ka ƙyale, da ya ƙone maka a daji."

Tanimu ya tuna masu naƙudar da yake ɗauka. Sannan ya ce, "Baba, nuna mini yadda ake wanke ta."