Tukwanen da Rana Ta Tsaga

"Wa ya fitar min da tukwane rana?!"

Ihun Inna ya sa madaɓi ya suɓuce daga hannun Kunthea. Tun asuba take zagaya kututture da baya-baya tana daɓe tukunyar da ke kansa, bayanta har ciwo yake. Ta leƙo daga ƙarƙashin gidansu da aka ɗora kan dogayen ginshiƙai, sai ga ɗanyun tukwane arba'in a filin rana, kowacce ta tsage.

Vibol na tsaye, ya sunkuyar da kai. Wata uku ke nan yana hidimar neman aurenta a gidansu, yana haƙo yumɓu daga tsauni, shi da ya tashi a kwalekwale.

"Ni ne, Inna... Sophal ta ce za su fi saurin bushewa."

Sophal maƙwabciya, wadda ta daɗe da ɗora ido a kansa!

"Kifi ka ɗauke su da za ka shanya? A inuwa tukunya ke bushewa! Koma ruwanku, ba ni da 'yar ba masunci!"

Kunthea ta bi shi bakin kogi. Ko kukan ma ta gaji da shi.

"Yaya, gobe babanka zai wuce tafki kamun kifi, ko?"

"Ruwan kogi ya juya, lokacin kifi ya yi, ƙanwata. In na rasa kamun bana..."

"Tafi kawai. Na gaji da roƙon Inna, na gaji da kare ka."

"Har da ni kika gaji?"

Son shi take kamar ranta, amma so bai taɓa ɗauke mata ciwon baya ba.

Washegari da hantsi ta ji ƙarar injin kwalekwalen su Vibol tana nisa. Ta ci gaba da zagaya kututture, hawaye na ɗiga cikin yumɓu.

Sai ta ji caɓal-caɓal a bayan gida.

Vibol ne, laka har gwiwa. Ya farfasa tukwanen nan arba'in, ya jiƙa, yana tattakawa.

"Yaya! Kwalekwalen fa?"

"Ya tafi. Ke kika ce min tukunyar da ba ta ga wuta ba tana komawa yumɓu."

Inna ta ƙaraso wurinsu. Ta tsuguna, ta murza yumɓun da yatsa, ta taɓe baki.

"Da sauran tsakuwa."

Sannan ta kwance ƙyallen wuyanta ta jefa masa.

"Jiƙa ka rufe yumɓun, surukin banza. Kar rana ta sake yi mana ɓarna."