Takardar Burodin Laraba

Da ƙarfe bakwai da kwata na safiyar Laraba aka bugo wa Sufeto Waltraud Lagger waya cewa tafki ya fito da gawa a sansanin masu hutu na gindin dutse.

Watan Agusta ne, wurin cike yake maƙil da iyalai, amma da ta iso ba ta ji ihun yaro ko ɗaya ba. Iyaye sun kwashe 'ya'yansu sun shige tantuna, an bar bokitan wasa a kan yashi. Tafkin kuwa ya kwanta luf, kamar ba shi ya yi haukan jiya ba.

Mamacin Egon Truppe ne, tsohon direban jirgin ƙasa da matarsa ta rasu. Shekara ashirin da shida ke nan tirelarsa, irin ɗakin kwanan da ake ja da mota, tana fili na ɗaya, wanda ƙofarsa ke kallon ruwa. Akwai rauni a ƙeyarsa, an kuma tsinci wani kwalekwalen haya a kife a tsallake.

Sufeto ta tsuguna ta dubi ƙafar gawar. Silifas ɗin ɗaki ne na ulu a ƙafar hagu, na dama ruwa ya tafi da shi. A wajenmu ko shara mutum ya fita zubarwa da silifas ɗin ɗaki sai maƙwabta sun yi da shi, balle shiga kwalekwale. Ta rubuta.

Mai fili na biyu, wanda ke bayan na mamacin, yana zaune a gaban tirelarsa da burodi a faranti.

"Herr Wernig?" in ji Sufeto, wato Malam Wernig.

"Injiniya Wernig, in ba za ki damu ba."

Haka muke. Ko gida na cin wuta, mutuminmu ba ya fita ya bar laƙabinsa a ciki.

Norbert Wernig ya ce shi da Egon aminai ne. Duk shekarun nan tare suke karya kumallo, shi ke ɗauko burodi daga kanti, Egon ke dafa kofi. Jiya kuwa wajen ɗaya da rabi, a lokacin hutun tsakar rana, fitilar gargaɗin guguwa tana ta walƙiya a kan tafki, ya hango Zdenka mai kula da kwalekwalen haya tana buɗe wa Egon sarƙar kwalekwale.

"Da idonka ka gan ta?"

"Kamar yadda nake ganinki."

"Da iska ta taso, ba ka neme shi ba?"

"Na ɗauka ya dawo ya kwanta. Sai da safen nan na ji abin da ya faru."

Wannan magana ba ƙarama ba ce. Duk wanda ya ba da kwalekwale alhali fitilar tana walƙiya, har rai ya salwanta, gidan yari ne ke jiransa. Kafin Sufeto ta kai rumfar haya ma labari ya riga ta zuwa. Matan da jiya suke bar wa Zdenka 'ya'yansu, yau kawar da kai suke yi.

Zdenka Mikula ta haura hamsin, hannuwanta duk kanta. Ta rantse ba ta motsa daga rumfa ba, ba kuma ta ba kowa kwalekwale ba. Sufeto ba ta musa mata ba. Keken da ke jingine a bayan rumfa kawai ta nuna, da taɓon da ya bushe a tayoyinsa, da kwanon miya a kwandonsa. Hanyoyin sansani tsakuwa ce zalla.

Sai Zdenka ta zauna a kan benci. Ta ce kullum daga ɗaya zuwa uku, in an rufe ƙofar sansani an hana motsin mota kowa ya kishingiɗa, takan sulale ta hanyar gona ta kai wa mahaifiyarta abinci a ƙauye. Makullin sarƙar a jikin ƙusa take barinsa bayan ƙofa, tsofaffin baƙi duk sun sani.

"Mahaifiyar taki za ta iya ba da shaida?"

"Ko sunana ba ta tunawa, Frau Lagger. Ni dai in aka rufe ni, wa zai juya ta a gado?"

Sufeto ta ji tausayinta ƙwarai, amma tausayi ba ya shiga fayil. Maganar Injiniya ce a kan maganar matar da ta riga ta yi ƙarya sau ɗaya.

Wajen sha biyu ta shiga kantin sansani neman kofi. Resi mai kanti, wadda bakinta ba ya hutawa, tana ta juyayi. Ta ce ita abin ya ba ta mamaki tun jiya, domin Injiniya mutum ne mai tsari, har agogo ake gyarawa da shi.

"Me ya ba ki mamaki?"

Resi ta jawo takardun burodi. Mai son burodin safe sai ya rubuta sunansa da adadi tun da yamma. Ƙarfe shida daidai take cire takardar daga ƙofa ta aika wa mai gasa burodi adadin, ko shugaban ƙasa ne ya makara sai ya haƙura. Sufeto ta bi layin fili na biyu da yatsa. Lahadi huɗu. Litinin huɗu. Talata huɗu. Laraba biyu.

"Yaushe ya rubuta wannan?"

"Jiya da biyar da rabi. Na ma ce masa ko sun ɓata da Egon ne, ya yi kamar bai ji ba."

Sufeto ta bar kofin a kan teburin kanti.

Ta sami Injiniya yana goge teburinsa. Ta ajiye takardar a gabansa, ya ɗauko tabarau ya duba, ya amsa cewa rubutunsa ne.

"Ka ce ka ɗauka ya dawo ya kwanta. To jiya da biyar da rabi, ba wanda ya san ya ɓata, wa ya gaya maka ba zai karya kumallo ba?"

Ya daɗe yana kallon bayan tirelar Egon, farin bangon da ya tare masa tafki shekara ashirin da shida.

"Burodi ba abin zubarwa ba ne," ya ce a hankali. "Haka aka tashe mu."

Daga nan bai ɓoye komai ba. Egon ya yi masa alkawarin fili na ɗaya in ya gaji da zuwa. Matar Injiniya, Hermine, ta jira har ta rasu bara, ba ta taɓa ganin ruwa daga ƙofarta ba. Jiya Egon ya gaya masa ya sa hannu ya bar wa ɗan ƙanensa wurin, wai don yara su sami bakin ruwa. Suka yi faɗa a ƙofar Egon, da raɗa, saboda lokacin hutu ne. Injiniya ya tura Egon, ƙeya ta bugi matakalar dutse, ya gangara ruwa. Sai Injiniya ya je rumfar haya ya ɗauko makulli ya saki kwalekwale, don a ɗauka kifewa ya yi da Egon.

"Zdenka fa? Me ta yi maka?"

"Ai bai kamata ta bar wurin aikinta ba."

Sufeto ta sa masa ankwa ba tare da ta ƙara kallon fuskarsa ba. Da ta nufi mota da shi, ya dubi agogo ya ja ya tsaya.

"Ɗaya ta wuce. Ba a tayar da mota sai uku."

"Gaskiyarka, Injiniya."

Da ƙafa ta fitar da shi, layi bayan layi, a gaban kowane tanti. Mutane suka yi ta leƙowa.

A bakin ƙofa suka tarar da Zdenka riƙe da kekenta, kwanon miya a kwando, ta rasa ko an yarda ta fita. Mai sansanin, wanda ya riga ya ji komai, yana tsaye da makullai a hannu. Ya dube ta, ya dubi ankwar, sannan ya buɗe mata ƙaramar ƙofa.

"Je ki, Frau Mikula," in ji Sufeto. "Kada miyar ta huce."