Gidan Abba na Takur

"Ka janye maganar aurenmu, Abdurrahim."

A ƙofar gidansu Munira ta faɗa masa bayan la'asar, ko gama kafe babur ɗinsa bai yi ba. Ya tsaya yana kallonta.

"Me na yi miki, Munirata?"

"Ba ka yi komai ba... Gidan nan za a karɓe."

Nan ta warware masa komai. Abbanta, Malam Falalu, da rancen banki ya sayi gidan, ana cirewa a albashinsa wata-wata. Da ya rasu bara biya ya tsaya, kuɗin sallamarsa kuma shiru har yau. Shekaranjiya ma'aikatan bankin suka zo, suka gaida Umma cikin ladabi, suka ce in ba a biya abin da ya taru ba kafin ƙarshen wata mai zuwa, gida zai shiga kasuwa.

Ita ce babba, ƙannenta duk suna makaranta, ɗan albashinta na koyarwa da shi ake cefane. Ta ce ba za ta shiga lalle ba alhali ana fitar da katifar mahaifiyarta titi. Kawu Maharazu ma ya riga ya yanke hukunci: a bar wa banki gidansa, Umma ta kwashi yara su koma ƙauye.

Abdurrahim bai yi musu da ita ba. Tambaya ɗaya ya yi, ko akwai wanda ya je ya zauna da mutanen bankin. Ta ce babu, ko wayarsu Umma ba ta iya ɗagawa don fargaba.

"To gobe za mu je. Kuma aure ban janye ba."

Washegari suka ɗauki Umma a adaidaita. A ofishin bankin Munira ce ta yi bayani, ba ta ɓoye komai ba. Jami'ar da suka samu ta saurare ta har ƙarshe, ta ce su ma ba gida suke so ba. In aka rage abin da ya taru, aka nuna inda kuɗin kowane wata zai riƙa fitowa, za a shimfiɗa sauran a kan ƙarin shekaru.

Munira ta sayar da gado da kujerun da Abba ya tanadar mata. Abdurrahim ya kawo abin da ya tara na lefe daga shagonsa na gyaran waya, ta yi kuka ta ƙi karɓa, ya ajiye a gaban Umma ya fita.

Saura na wata-wata. A nan ya zo da maganar da ta girgiza kowa: maimakon gidan hayar da zai kama musu a unguwar Limawa, me zai hana ya kama hayar sashen Abba na gaba, kuɗin su riƙa wucewa banki?

Abokansa suka sa shi a gaba da tsiya, wai ango zai tare a gidan amarya. Mahaifiyarsa, Hajiya Kubura, ta ce ba da yawunta ba, ɗanta ba zai zama abin nuni a Dutse ba.

Munira ba ta aiki kowa ba. Ta sa hijabinta ta tafi da kanta, ta durƙusa a gefen tabarmar Hajiya. Ta ba ta labarin yadda Abba ya yi shekaru yana hawa tsohon babur don kada biyan gidan ya tsaya. Ta ce in Hajiya ta hana za ta haƙura da ɗanta, ko da zuciyarta za ta fashe, amma Umma ba za ta bar ɗakinta ba.

Hajiya ta ajiye carbinta ta ɗago.

"Ke yarinya, ranar da ya ɓata miki rai, ina za ki yi yaji, ga uwarki a bayan bango?"

"Gidanki zan zo, Hajiya."

Dariya ta ƙwace wa tsohuwar, sai ga hawaye. Ta gindaya sharaɗi: a ja katanga, a fasa masa ƙofarsa daban, haya kuma a gaban shaidu. Aka yi yadda ta ce, banki ya sa hannu.

Ranar kai amarya ƙawaye suka ce sam ba za a kai ta a ƙafa ba. Aka fito da Munira ta tsohuwar ƙofa, motoci suka zaga unguwar Takur da guɗa, suka dawo suka tsaya a sabuwar ƙofa.

Da jama'a suka watse ta jiyo shessheƙar Umma ta bayan katanga. Ta dubi Abdurrahim idonta fal hawaye.

"Je ki lallashe ta, masoyiyata," ya ce yana murmushi. "Ina nan, ba nisa."