Wasiƙar Da Ta Bi Babi Na Huɗu

A wata rumfar shayi da ke Yogyakarta, a ƙasar Indonesiya, Galih ya fara ganin Kinanti. Nan masu aikin sa kai ke haɗuwa duk Asabar, suna gyara wata manhajar kyauta ta ɗakunan karatun ƙauye. A ɗarare ya zauna, don shi bai iya rubuta manhaja ba.

"Mas Galih, ai dai ka iya karatu ko?" in ji Kinanti tana murmushi, don a garinsu "Mas" ake kiran namiji, kamar a ce "yaya". "Littafin bayanin manhajarmu ko ni da na rubuta ba na gane shi. Ka gyara, ni zan duba."

Wata shida yana gyara, tana dubawa tana amincewa. Har waƙafin da bai yi laifin komai ba sai ya taɓa, don dai ya ga sunanta a ƙasan aikinsa. Amma bakinsa ya yi nauyi.

Sai ya rubuta mata wasiƙa, ya ɓoye a cikin fayilolin aikin, wai sai ya tara ƙarfin hali. Ran Litinin da safe ya tura gyaran babi na huɗu, wasiƙar ta bi. Shafin intanet ɗin da suke tura aikin kuwa a buɗe yake ga duk duniya.

Kafin azahar mutum arba'in sun karanta "Dik Kinan, hasken idona." Wato "ƙanwata Kinanti". Wani daga Brazil har alamar zuciya ya saka. Galih ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Bagas, wani abokin aikinsu wanda shi ma yake sonta, ya ɗauki hoton wasiƙar ya aika wa mahaifinta, Pak Wiryo.

Galih ya tura mata saƙo:

"Ki yafe ni. Na zubar miki da mutunci a bainar jama'a. Zan bar aikin."

Kwana uku ba amsa. A na huɗu ya kai kansa gidansu, kai a sunkuye.

"Kai ne ka nemi 'yata a gaban mutanen Brazil tun ba ka san ƙofar gidana ba?" in ji Pak Wiryo.

"Ni ne, Pak. Tura wasiƙar ne kuskure, abin da ke ciki gaskiya ne."

"Sha shayinka ka tafi."

Bayan fitarsa Kinanti ta tsuguna gaban mahaifinta, wanda yake kula da ɗakin karatun ƙauyensu tun da ya bar koyarwa.

"Bapak, ka tuna littafin bayanin da ka ce marubucinsa bai san tausayin tsofaffi ba? Ni ce. Wanda ya gyara har ka iya saka manhajar da kanka, ka sa masa albarka, shi ka kora yanzu."

Tsohon ya cire tabarau ya goge.

Washegari Galih ya buɗe shafin don ya janye aikinsa, sai ya tarar ta duba wasiƙar, a gaban kowa:

"Akwai gyara. Layi na uku, ka maimaita 'hasken idona', ɗaya ya isa. Layi na tara, ka tsaya a 'idan za ki yarda'. Bayani mai kyau yana faɗin mataki na gaba. Bapak ya ce ka turo manyanka."

Ya karanta sau biyar, ya rufe fuska da tafin hannu, kunya da murna suka haɗe masa.

Ranar ɗaurin aure, baƙi na cin gudeg, abincin gargajiyar garin, Galih ya sunkuyo wajen kunnenta.

"Dik, don Allah mu goge wasiƙar nan."

"A'a, Mas. Wata shida ina jiran ka yi kuskuren nan."

Pak Wiryo ya dafa kawunansu ya sa musu albarka. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a tagari.