Irin Nonon Uwani

Ana kiran magariba na fito ɗauko ƙwarya guda a gidan nononmu da ke unguwar Karantina a Jidda. Kwana uku ke nan da 'yan baladiya, wato hukumar gari, suka manna wa ƙofar jar takarda. A'i maƙwabciyata ta tare ni a lungu.

"Mastura, halas, ya isa haka, ki bari sai safe mana."

"Iri ba ya kwana huɗu, A'i. Gobe ya mutu."

Iri shi ne ragowar nonon jiya da ake zubawa a madarar yau don ta kama. Namu kuwa ba irin kowa ba ne. Uwani, uwar ɗakinmu, ce ta zo da shi daga Tawa ta Nijar a 1976, cikin ɗan gora, ta yi aikin hajji ta ƙi komawa. Da akuya biyu ta fara. Kafin ta rasu mu goma sha ɗaya ne muke kaɗa nono, har daga unguwar Bani Malik ake aiko saye. Daga baya motocin manyan kamfanoni masu sanyi suka cika gari, mata suka watse, wasu aka kama su babu iƙama, takardar izinin zama. Ni kaɗai na rage da irin nan. Ban da shi ba ni da komai a Jidda, a gida ma babu mai jirana.

Uwani ta bar ƙa'ida ɗaya. Kullum a zuba ludayi guda a kusurwar gabas, don waɗanda muka tarar a gidan. Ban taɓa fashi ba. Amma ranar da aka ce masu duba tsafta na tafe, na ruɗe. Na kwarara tafasasshen ruwa ko'ina a ƙasa, har kusurwar, ko bisimilla ban yi ba. Kuma duk da haka suka rufe gidan. An yi ba a yi ba.

Na shiga ta ƙofar baya. Warin tsami na nan yadda na san shi, amma akwai wani a ƙarƙashinsa, kamar ƙaurin fata.

Sai na ji ana kankare ƙwarya. Ƙar. Ƙar.

Wata mata ce zaune a kusurwar gabas, ta ba ni baya. Doguwa ce ƙwarai, a zaune kanta ya kusa taɓa kwanon rufi. Ƙwaryar Uwani na gabanta. A cinyarta akwai yaro kwance rub da ciki, bayansa duk ya saɓule.

Tana lakato irin da yatsa tana shafa masa.

Yaron ba ya kuka. Numfashi kawai yake ja.

"Mastura," ta ce a hankali, ba ta juyo ba. "Shekara talatin da uku muna tsare muku irin nan."

Na ce, "Ki yi haƙuri, Baiwar Allah. Ban sani ba."

"Kin sani."

Gaskiya ta faɗa, na sani.

"Ko cokali ɗaya ki bar mini," na ce. "Shi ne abincina."

Ta kankare na ƙarshe, ta shafa a wuyan yaron. Ta turo mini ƙwaryar, ta taho tana juyawa har ta bugi ƙafata. Sanyinta kamar ƙanƙara.

Sannan wuyanta ya fara juyowa, kafaɗun ba su motsa ba.

Ban tsaya ganin fuskar ba. A bakin lungu A'i ta tsince ni, takalmi ɗaya, ƙwarya a ƙirji.

Na roƙi iri a wurin mata biyar. Na sayi na kanti. Duk madarar da hannuna ya taɓa ba ta kamawa. Sai ta yi mako a ajiye, fara tas kamar yanzu aka tatso ta, ko ƙuda ba ya sauka a kai. A'i ta zuba irin da na roƙo ɗin a tata madarar, kafin azahar ta kama.

Yanzu wanke-wanke nake yi a gidan wasu Larabawa. Kullum da magariba ina zuba ludayin madara a kusurwar ɗakina, in ce a gai da yaro. Shekara uku ke nan, da safe ina tarar da ita yadda na zuba.