Jar Mota a Ƙofar Garejin Jika

Shekarar da Nasara suka tafi, Jika makanike ya dawo daga sallar magariba a Gazawa, sai ga wata tsohuwar jar motar tsere a ƙofar garejinsa, fenti duk ya ɓare. Ko a Maraɗi bai taɓa ganin irinta ba. Ya shafa gabanta, zafi zau, amma babu sawun taya a rairayi.

Wata mata ce a ciki, rungume da jariri.

"Sannu, baiwar Allah. Me ya lalace?"

"Mota lafiya lau," ta ce, muryarta kamar daga rijiya. "Kai ne jiya ka watsar da tafasasshen ruwan inji nan, ba bisimilla?"

Ta yaye zane. Bayan yaron duk ya saluɓe.