Ɗigon da Ya Ƙi Fita

Gobe wani ɗalibi zai kare bincikensa a gaban malamai, amma ɗigo ɗaya ya hana shi tafiya gida. A cikin kwamfuta ɗalibin ya zana kasuwar garinsu da ta taɓa ƙonewa, ya zuba ɗigogi a madadin mutane, don a ga ta inda za su tsira in wuta ta sake tashi. Duk sanda ya kunna gwajin, kowa sai ya fice ta ƙofar baya, ban da ɗigo ɗaya da ke tsayawa cak a bakinta. Ya goge shi, ɗigon ya dawo. Ya sake gogewa.

Dare ya raba. Fankar ɗakin kwamfutar makarantar ta tsaya da kanta, ƙaurin tsumma ya cika masa hanci.

"Samari, bar goge shi haka."

Wani dattijo ne a bayansa. Ɗalibin ya ɗauka mai gadi ne.

"Baba, kuskuren lissafi ne, yanzu zan tashi."

"Lissafinka lafiya lau, ƙofar ce ƙarya. Ka zana ta a buɗe, alhali sarƙa ce a jikinta. Har yau tana nan, dab da rumfar mahaifiyarka."

Maganar na fita, amma ƙirjin dattijon ba ya motsi. Ya miƙa hannu zai nuna ƙofar. Tafin a ƙone yake, da shatin sarƙa kwance a ciki.

Ɗalibin ya dubi allon. Ɗigon ba ya wurin.